Mai Ba Da Shawara, Na Jirgi Ne Ko Na Yaro?

Garinmu Kucheri yana ƙasar Tsafe, a bakin hanyar motar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Gusau. Ba mu da teku, ba mu da babban kogi. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na tafki, da na rafin da kan cika da damina ya ƙafe da rani. Saboda haka in mutumin Kucheri ya ɗauki alƙalami zai yi magana a kan sojan ruwa, lalle mai karatu yana da iko ya ce, ina ruwan biri da gada? To, ga abin da ya kawo maganar.

Maƙwabcina, wanda katangarmu ɗaya, yana da ɗa cikin sojan ruwa. Ya bar garin nan yana ɗan siririn yaro, ko iyo bai iya ba. Aka kai shi Onne, can kusa da Fatakwal, inda a ke horad da kurata, daga nan aka sa shi cikin masu lura da injin jirgi. Bara da kaka ya zo hutu, ya zama ƙato, magidanci, da mata da 'ya'ya biyu. Ran nan bayan lisha muna zaune a zauren ubansa, sai ya kawo maganar da ke hana shi barci. Wa'adin da ya sa hannu zai yi wa Gwamnati ya kusa cika, ko dai ya sake sa hannu ya ci gaba, ko kuwa ya karɓi sallama. Wani kamfani mai jiragen haya ya yi masa tayin aiki, albashinsu ya fi wanda ya ke samu. Ga shi kuma ya kan yi watanni a teku bai sa iyalinsa a ido ba. A nan gida kuwa kowa ya san halin da a ke ciki. Gonakin da ke nesa da gari sun gagara nomuwa saboda 'yan bindiga, kuɗin da yaron nan ke aikowa su ne rabin abincin gidan.

Na ce masa, "To, ɗana, can wurin aikinku ba wanda ka ke kai wa irin wannan magana?"

Ya ce, "Akwai, Baba. Kowane ɗayanmu yana da hafsan da aka danƙa shi a hannunsa. Na je wurin nawa, ya zaunad da ni, ya buɗe fayil ɗina. Ya gaya mini kwas ɗin da ya rage mini, da jarrabawar da zan ci kafin a ƙara mini girma, da abin da zan samu na fansho in na daure, da abin da zan rasa in na fita yanzu. Ya ce kuɗin kamfani sun fi, gaskiya ne, amma kamfani ya kan kori mutum ran da ciniki ya faɗi. Sa'an nan ya ce, 'Ba zan ɓoye maka ba, ni so na ke ka zauna, gama waɗanda suka san injin nan kamarka kaɗan ne. Amma wannan bukatata ce da ta jirgi, kada ka gama ta da taka. Je ka gida ka yi tunani.'"

Uban yaron ya yi tsaki. Ya ce, "Wannan wane irin shugaba ne? In yana ƙaunarka, ya faɗa maka abu guda mana ka bi. Ya ɗora maka kaya ya sake ka." Akwai kuma wani dattijo a wurin, tsohon sojan ƙasa wanda ya yi yaƙin basasa, shi kuwa ta wani gefe ya ɓullo. Ya ce, "Hafsan nan ya yi sakaci da dukiyar Gwamnati. An kashe kuɗi an koya wa yaro sana'a, sa'an nan ka buɗe masa ƙofa ka ce in ya so ya fita? A zamaninmu da sai a lallashe shi, a gaya masa abin da zai ji daɗi, har ya sa hannu."

Ni dai ban ce kome ba a daren nan, don maganar ta taɓa mini wani miki wanda zan nuna muku nan gaba. Amma tun daga ran nan na ke jujjuya ta. Mutumin da aka sa ya ba ma'aikaci shawara a kan aikinsa, alhali hukuma ce ke biyansa, amanar wa ke wuyansa? Ta hukumar ko ta ma'aikacin?

Kafin mu shiga shari'ar, ya kamata mu san filin. An kafa rundunar sojan ruwa ta Nijeriya ran 1 ga watan Yuni, 1956, da 'yan jirage kaɗan da mutanen da aka kwaso daga ma'aikatar jiragen ruwa ta Gwamnati. Turawan Ingila suka rene ta, sai a 1964 aka sami ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, watau J. E. A. Wey. Tun daga tsarin mulkin 1979 doka ta ce a ɗauki soja daga kowane sashe na ƙasa, don haka Zamfara tana da rabonta kamar kowace jiha. Kada kuma wani ya ce aikin na mutanen bakin teku ne kaɗai. Murtala Nyako na Adamawa ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo na Kano ya riƙe ta daga 2021 zuwa 2023. Suna da sansani a Lakwaja, suna da wani a Baga ta bakin Tafkin Chadi.

Shi jirgin yaƙi, ko manuwa yadda mutanen da ke ce masa, gari ne a bisa ruwa. Yadda gari ba ya zaunuwa sai da maƙeri da mahauci da wanzami da magini, haka jirgi ba ya tashi sai da mai tuƙi, da mai inji, da mai lantarki, da mai igwa, da mai waya, da kuku, da mai magani, da mai nutso, har da akawu irina mai riƙon littafin albashi. Bambancinsu da gari shi ne, in maƙerin Kucheri ya yi tafiya sai mu kai garmarmu Tsafe. A tsakiyar teku babu Tsafe. In mai lantarki bai iya ba, ko yana nan amma hankalinsa na wani wuri, to, ba wanda za a aika a kira. Waɗannan sana'o'i kuwa ba a koyonsu da wata ɗaya. Kurtu ya kan fito daga horo da sanin fareti da ɗa'a, amma kafin ya zama wanda zai saurari ƙarar inji ya gane abin da ke damunsa sai an yi shekaru.

Abin da soja ke kira zama cikin shiri ke nan: a ce wa jirgi tashi yau, ya tashi, ya kai inda aka aike shi, ya yi abin da aka sa shi, ya komo. Jirgi yana iya zama cikin lissafi alhali ba ya cikin shiri. Aradu, babbar manuwar da aka ƙera wa Nijeriya a Hambag ta ƙasar Jamus, ta shiga aiki a 1982, ta kuwa yi shekaru masu yawa a ɗaure a bakin gaɓa tana jiran gyara. Duk wannan lokaci in an ƙidaya jiragen ƙasa da ita a ke ƙidayawa. Ku riƙe wannan, gama abin da ya sami ƙarfe yana samun mutum.

Wa ke lura da mutanen? Turawan Ingila sun daɗe da gane cewa kyaftin shi kaɗai ba zai san mutum ɗari biyu ko ɗari biyar ba. A 1755 wani babban hafsansu, Thomas Smith, ya fito da dabarar a rarraba mutanen jirgi ƙungiya ƙungiya, kowace a ba ta hafsa guda wanda zai san su ɗaya ɗaya, ya lura da tsabtarsu da lafiyarsu da halinsu. Daga baya aikin ya haɗa har da karatunsu da ƙarin girmansu da damuwar gidajensu. Wannan tsari sojan ruwanmu suka gada, irin hafsan nan ne ɗan maƙwabcina ya je wurinsa.

Mutanen Amurka kuwa sun ƙara gaba, sun mai da ba da shawara sana'a mai zaman kanta. A 1972 suka buɗe reshe na musamman na masu ba sojan ruwa shawara a kan aikinsu. Dalili kuwa a fili ya ke, don a 1973 suka bar kama samari aikin soja tilas. Da can in mutum ya fita sai a kamo wani. Da aka daina, ya zama dole a nemo mutum da lalama, a kuma riƙe shi da lalama. Ba a ɗaukar kurtu a wannan reshe, sai wanda ya daɗe ya ɗanɗana aikin da kansa. A babban jirgi a kan sami mai wannan aiki, shi ke zama da kowane soja tare da manyansa, sa'ad da ya zo sabo, da kuma lokaci lokaci bayan haka. Ya duba inda mutum ya ke, da inda ya ke so ya kai, da abin da ya rage masa. Ya tuna masa ranar jarrabawa, ya gaya masa sana'ar da ta cika maƙil ba a samun girma a cikinta, da wadda a ke neman mutane har a na ba da kuɗin tukwici ga wanda ya sake sa hannu.

Akwai wata al'ada tasu wadda a cikinta tambayarmu ke kwance. Jirgin da ya riƙe mutanensa da kyau, aka ga da yawa sun sake sa hannu, a kan ba shi lambar yabo, a kuma yardar masa ya shafa wa angarsa fenti ruwan zinariya. Anga ita ce ƙaton ƙarfen nan da a ke jefawa cikin ruwa don a tsai da jirgi. Duk wanda ya zo tasha ya ga anga mai ruwan zinariya ya san kyaftin ɗin nan da mai shawararsa sun yi abin yabo. Al'adar tana da kyau, ban kushe ta ba. Amma ka sa kanka a matsayin mai shawaran nan. Saura mutum biyu lissafinku ya cika, ga yaro zaune gabanka yana tambayarka, "In zauna ko in tafi?" Kai kuwa ka duba fayil ɗinsa ka ga tafiyar ta fi masa. Me za ka ce?

Mu nan mun san dillali. In ka kai sa kasuwar Tsafe, ka san dillalin da ka danƙa wa igiya naka ne, mai saye kuma ya san haka, don haka ya kan buɗe bakin san ya dubi haƙora da kansa. Duk da haka dillalin kirki ba ya ɓoye aibi, in san yana da tari ya faɗa, don ya san gobe ma kasuwa za ta ci. To, sha'anin mai ba soja shawara ya fi wannan wuya. Yaro ne mai sayarwa, abin da ya kawo kasuwa kuwa shekarun ƙuruciyarsa ne, waɗanda in sun tafi ba su komowa. Gwamnati ce mai saye. Mai shawara yaron mai saye ne, a hannunsa ya ke cin abinci, amma shi ne mai sayarwa ke juyowa yana tambaya, "Malam, cinikin nan ya yi?" Ba shi da wani haƙorin da zai duba da kansa, gama dokokin aiki da na fansho da na ƙarin girma suna cikin littattafan da bai taɓa gani ba.

Ga shi kuwa a na iya cutar mutum ba tare da an yi masa ƙarya ko guda ba. Ka faɗi mai daɗi ka haɗiye mai ɗaci. Ka ce "watakila a tura ka kwas" da irin muryar da zai ji kamar ka ce "lalle". Ko kuwa ka bar takardarsa a ƙarƙashin waɗansu har ranar ta wuce, sa'an nan ka ce, "Ayya, Allah bai nufa ba." Mu ma'aikatan ofis mun san waɗannan hanyoyi sarai, tun zamanin En'e a ke gadonsu.

Ga mikin da na ce zan nuna muku. Shekarun baya, a wani ofis da na yi aiki, an ba ni wani yaro ƙaramin akawu. Ban taɓa ganin mai tsabtar rubutu da kiyaye lissafi kamarsa ba. Tun da ya zo na huta, littafin kuɗin shiga bai ƙara saɓawa ba. Sai takarda ta zo a na neman wanda za a tura kwas Zariya, ya kuwa cancanta. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Malam, me ka gani?" Abin da na gani a zuciyata shi ne littafin nan zai komo kaina har shekara guda. Amma abin da bakina ya faɗa shi ne, "Kai yaro ne, me ka ke gaggawa? Kwas ɗin nan kowace shekara a na yi. Bari ka ƙara ƙwarewa, baɗi ni da kaina zan sa sunanka." Ban yi ƙarya tsagwaronta ba, don da niyyar sa sunan na faɗa. Ya ce, "To, Malam, yadda ka ce." Baɗi ta zo ba a nemi kowa ba. Wanda aka tura a madadinsa ya komo ya zama shugabansa. Yaron nan bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma sai na ga rubutun ya fara karkacewa, ya fara makara, lissafin da na riƙe shi dominsa ya fara saɓawa. Bayan shekara biyu ya ajiye aikin. Na rasa shi, na rasa littafin, shi kuma ya rasa hanyar da ta buɗe masa sau ɗaya tak.

Da na ce masa, "Ɗana, kwas ɗin nan alheri ne gare ka, amma in ka tafi zan sha wuya, ina roƙonka ka dakata mini," da ban yi laifi ba. Da ya zauna, kyauta ce ya yi mini da saninsa. Da ya tafi, hakkinsa ne. Laifina shi ne na ɗauki bukatata na sa mata rigar amfaninsa, ya karɓa yana godiya.

A nan na ke ganin iyakar ta ke. Mai ba soja shawara ba a ce ya manta da jirgi ba. Yana da iko ya ce a na bukatarka, ya tuna wa yaro rantsuwar da ya yi da kuɗin da aka kashe a kansa, ya roƙe shi, har ya nuna masa 'yan'uwansa da za su ɗauki nauyinsa in ya tafi. Duk wannan halal ne muddin ya kira kowane abu da sunansa. Abin da bai halatta gare shi ba shi ne ya ce "wannan ya fi maka" alhali abin da ya ke nufi "wannan ya fi mana".

Amma maganar tsohon sojan nan ba ta banza ba ce, kada mu yar da ita da sauri. Yana cewa, in an gaya wa kowa gaskiya, waɗansu za su tafi, jirgi ya rasa gwanaye, ƙasa kuwa ba ta iya cewa ɓarayin teku da masu satar mai su dakata sai ta horad da waɗansu. Hakkin mutum guda ne zai rinjayi tsaron jama'a? Na yarda waɗansu za su tafi. Duk wanda ya ce faɗin gaskiya ba ya jawo hasara, bai taɓa riƙe ofis ba. Sai dai hasarar nan ta fili ce, a na ganinta a na ƙidaya ta. In masu inji goma sun fita don kamfani ya fi biya, mai shawara ya rubuta wa manya dalili, su kuma su san abin da za su gyara, ko albashi, ko gidaje, ko tsawon zaman teku. Shi kunnen hukuma ne kamar yadda ya ke bakinta. In kuwa ya riƙe su da daɗin baki, lissafi ya cika, manya su ga kome lafiya, ciwon yana nan yana ci a ɓoye.

Sa'an nan bariki ba ta da asiri. Mutanen da ke kwana ɗaki guda, suna cin abinci tukunya guda wata da watanni, ba abin da ɗaya zai sani sauran ba su ji ba. Ka ruɗi mutum guda yau, kafin jirgi ya komo tasha hamsin sun san an ruɗe shi. Daga ran nan ko gaskiya ka faɗa sai a ce da walakin. Shi kuma wanda aka ruɗa yana nan, sunansa na cikin littafi, ya kan amsa in an kira, amma ya zama kamar Aradu a bakin gaɓa.

Tsohon sojan zai ce, ai soja umurni ya sani. Haka ne. Umurni yana iya tsai da mutum gaban inji awa shida. Ban san umurnin da zai sa ya kasa kunne da kyau ba, ko ya buɗe littafin sana'arsa da dare bayan ya gaji don ya ƙara sani.

Abin da ke faruwa in lissafi ya cika amma shiri bai cika ba, Amurka ta gan shi a 2017. Ran 17 ga Yuni wata manuwarsu mai suna Fitzgerald ta yi karo da jirgin kaya kusa da Japan, mutum 7 suka mutu. Ran 21 ga Agusta wata kuma, John S. McCain, ta yi karo da jirgin dakon mai kusa da Singafo, mutum 10 suka mutu. Ba abokin gaba ya harbe su ba. Da aka bincika sai aka tarar da gajiya, da ƙarancin horo, da yawan aikin da ya hana a tsaya a koyar. A jirgi na biyun, waɗansu daga cikin masu tsaron wurin tuƙi aro aka yi daga wani jirgi, ba a kuwa koya musu na'urar tuƙin wannan sosai ba, har aka rikice ba a san a hannun wa tuƙin ya ke ba. Ban ce laifin masu ba da shawara ne ba, al'amarin ya fi ƙarfinsu. Amma ku duba, a takarda kowane gurbi da mutum a ciki. Sanin wane ne a gurbin, da abin da ya iya, da abin da ya rage a koya masa, shi ne aikin da a ke yi a zaman nan na mutum biyu da fayil a tsakaninsu, in an yi shi da gaskiya.

Akwai wani gefe kuma wanda ya fi shafarmu mu mutanen nesa da teku. Yaron da ya tashi a Kalaba ko Wari ko Ikko, da wuya a ce ba shi da kawu ko maƙwabci wanda ya taɓa aikin jirgi. Tun kafin ya shiga an gaya masa sana'ar da ke da gaba, da kwas ɗin da ba a ƙi, da kuskuren da ba a yi. Ɗan Kucheri fa? Ubansa ya san ƙasar da gero ke so da wadda dawa ke so, ya san sa'ad da a ke tone gyaɗa, amma bai san bambancin mai igwa da mai waya ba. Inda babu wanda aka ɗora wa ba da shawara, shawara ba ta ɓacewa, sai dai ta bi dangi da sanayya, mai kawu ya samu, marar kawu ya yi ta lalube. Saboda haka hafsan nan shi ne kawun wanda ba shi da kawu. In shi ma ya karkata, yaron ba shi da kowa. Wannan ya sa na ke ganin amanar da ke wuyansa game da irin 'ya'yanmu ta fi nauyi.

Kada kuwa a ɗauka gaskiyar da na ke nufi mai daɗi ce kullum. Wani lokaci ita ce a ce wa yaro, "Ka faɗi jarrabawan nan sau biyu, ban ga alamar za ka ci ba, koma wata sana'a tun da sauran lokaci." Ko a ce, "Kai kana so ka zauna, amma aikin nan ba naka ba ne." Mai shawaran da ke jin kunyar faɗin wannan, ya bar mutum ya tsufa a gurbin da bai dace da shi ba, ya cuce shi, ya cuci waɗanda za su dogara da shi ran da teku ta yi fushi. Har ranar fita ma aikin bai ƙare ba. A Oshodi ta Ikko akwai wurin da a ke koya wa soja masu barin aiki sana'a, kamar kiwon kaji da ɗinki da walda. Wanda aka tuna masa da wuri ya kan fita da abin yi. Wanda ba a tuna masa ba, mun ga irinsa, ya komo gari da kuɗin sallama, kafin damina biyu sun ƙare.

Saura maganar uban yaron, da ya ce don me hafsan bai yanke masa abu guda ba. Na fahimce shi, gama mu haka muka tashi, babba ya faɗa ƙarami ya bi, a cikin haka kuwa akwai hutu. Amma uba in ya yanke wa ɗansa, tare za su ɗauki abin da ya biyo baya, gida ɗaya, rumbu ɗaya. Hafsa fa? Baɗi an ɗauke shi an kai wani jirgi. Ba shi zai zauna da matar yaron ba, ba shi zai ciyad da tsohon ba. Wanda ba zai ɗauki kaya ba, iyakarsa ya faɗi nauyinsu daidai, ya nuna inda hanya ke da santsi, ya faɗi wadda shi zai so a bi da dalilinsa. Na gaya wa maƙwabcina haka daga baya. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, ku masu boko ba ku rasa magana," bai kuwa sake ra'ayinsa ba.

Da hutun yaron ya ƙare muka raka shi bakin hanya da hantsi, don yanzu ba mai son bin hanyar Funtuwa da duhu. Bai gaya wa kowa abin da ya yanke ba. Bayan wata biyu ya bugo wa ubansa waya ya ce ya sake sa hannu, ya kuma nemi kwas ɗin da aka gaya masa, sunansa ya shiga. Tsohon sojan da ya ji ya ce, "Hafsan ya taki sa'a." Na tambaye shi, da yaron ya fita fa, da hafsan ya yi laifi? Ya ce, "Ƙwarai kuwa." Har yau a nan muka tsaya da shi.

Shi kuwa ƙaramin akawun nan nawa, kwanan baya na gamu da shi a tashar mota a Gusau, yana riƙe da littafin wani mai sayad da taki. Furfura ta fara fito masa. Da ya gan ni ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya tambayi iyali ɗaya ɗaya, ya karɓi jakata ya kai mota, ya biya mini kuɗin Kucheri duk da na hana shi. Na leƙa littafin da ke hannunsa, rubutun ya komo da tsabtarsa kamar da. Har mota ta tashi ban iya buɗe baki na gaya masa ba.